Taragon Cin Abinci da Tagoginsa

Kaduna ta fara zama tasha kafin ta zama gari. Sa'ad da layin dogon da ya taso daga Baro, a bakin Kwara, ya nufi Kano a zamanin Gwamna Girouard, ya zama dole ya ƙetare Kogin Kaduna, kuma a kudancin wannan mashigi aka kafa tashar da ta tara leburori da 'yan tireda tun gwamnati ba ta iso ba. Dogo ya kai Kano a 1911, aka haɗe shi da na Legas a ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912, amma hedikwatar Arewa ba ta gama tasowa daga Zungeru ba sai 1917. Da ta zo, sai ta zaɓi arewacin kogi ta gina ofisoshinta, ta bar wa kudu hayaƙi da ƙarar ƙarfe. Kafin ƙarshen shekarun 1920 layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, shi ma ya iso, tashar kudu ta zama mahaɗar manyan layuka biyu na ƙasar nan. Abin da ya biyo baya a wannan ɓangare, tun daga masaƙar farko da aka buɗe a Kakuri a 1957 har zuwa kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, kusancin dogo ne ya jawo shi.

A cikin dukan abin da ya taɓa tsayawa a wannan tasha, tarago ɗaya nake son mu yi magana a kansa, wato taragon cin abinci. Ra'ayina shi ne a nemo guda daga cikin tsofaffin da suka daina aiki, a gyara shi, a kafa shi a harabar tsohuwar tashar Kaduna, a kuma hura wuta a kicin ɗinsa mutane su riƙa shiga suna cin abinci. Na san mai karatu zai iya cewa wannan magana ta injiniyoyi ce da masu zuba jari, me ya kawo ta mujallar nazarin Hausa? Dalilin da ya kawo ta shi ne, a cikin wannan tarago da kuma gefen tagoginsa aka yi wani sauyi a al'adar cin abincin Bahaushe wanda har yau ba mu zauna mun nazarce shi yadda ya kamata ba, alhali waɗanda suka gan shi da idonsu suna ta ƙarewa.

Bahaushe matafiyi ne tun fil'azal, amma tafiyarsa da guzurinsa take. Fatake da alhazan ƙasa sun san abin da ke jure rana da nisa: kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli da nakiya da garin da za a dama a zango. Cin abinci kuwa yana da nasa ladabi. Dattijo ba ya ci a kan hanya, maza da mata ba sa haɗa kwano, suruki ba ya ci a gaban surukinsa, wanda aka tarar yana ci kuma wajibi ne ya ce bisimilla, shi kuma wanda aka yi wa tayi ya san yadda zai yi godiya ya wuce. Duk wannan tsari yana bukatar fili, ko zaure, ko inuwar bishiyar da mutum zai keɓe, ko aƙalla damar juya baya. Jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace filin. Daga Legas zuwa Kano kilomita 1,126 ne, tafiyar da ke cin fiye da kwana guda cur, kuma ba wanda kunya za ta hana shi ci har tsawon wannan lokaci.

Ina yaro, a shekarun 1970, na yi wannan tafiya daga Kaduna zuwa Legas tare da mahaifina, wanda ke aikin masaƙa a Kakuri. A sikinkila muke, da ƙunshin guzurin da mahaifiyata ta kwana tana haɗawa. Da gari ya waye Baba ya kama hannuna muka riƙa ratsa taragu, muna tsallake mahaɗarsu mai rawa, har muka shiga wani ɗaki mai teburori jere a gefe biyu, an lulluɓe su da farin ƙyalle, fanka na juyawa a sama, kofuna na kaɗawa a kan faranti ba su faɗi ba. Shayi da burodi kawai ya saya mana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya zauna, ya karkata jikinsa wajen taga kamar mai neman bangon da zai fuskanta, domin a tebur ɗin akwai wata mata 'yar kudu da ke cin shinkafarta hankali kwance. Kafin ya kai kofi baki sai da ya dube ta ya yi mata bisimilla. Ba ta ji Hausa ba, amma ta gane, ta yi murmushi ta turo mana nata farantin. A lokacin na ɗauka abin dariya ne. Da na girma na shiga nazarin al'ada, sai na fahimci cewa a wannan safiya na ga dattijo yana gwada ladabin zaure a wurin da ba a gina shi domin wannan ladabi ba, kuma ladabin ya yi aiki.

Ba kowane Bahaushe ke shiga ba. A zamanin Turawa taragon na 'yan faskila ne, galibinsu jami'an mulki da ma'aikatan kamfanoni waɗanda suka sauka daga jirgin ruwa a Legas suka nufo Arewa, baƙin mutum kuwa in ka gan shi a ciki, to kuku ne ko boyi. Ko bayan an sami 'yancin kai, abubuwa uku sun ci gaba da tsare mutanenmu a bakin ƙofa, wato tsada, da giyar da ake sayarwa a wurin, da kuma shakkar wanda ya yanka naman. Malami ko attajirin goro zai iya biyan kuɗin, amma ya gwammace ya buɗe guzurinsa a kujerarsa. Saboda haka duk wanda zai ba da tarihin taragon cin abinci ya tsaya a kan farin ƙyalle da cokali mai yatsu, ya ba da tarihin mutane ƙalilan ne.

Yawancin fasinjoji ta taga suka ci abinci. Jirgi na rage gudu zai shiga tasha, masu talla sun riga sun jeru a gefen dogo, tire a ka, kowa na ɗaga murya da harshensa. Ina tuna soyayyen kifi a Jabba, inda dogo ke ƙetare Kwara, da doya a Minna, da rake da fura da nono idan an yi arewa wajen Zariya, da yara masu sayar da ruwan sha a kowane zango. Cinikin taga yana da nasa ƙa'ida, domin lokaci kaɗan ne kuma mai saye yana sama, mai sayarwa tana ƙasa. Wa zai fara miƙawa, kuɗi ko kaya? In jirgi ya yi kuka ya motsa kafin a ba da canji fa? Na sha ganin yarinya na bin tarago a guje da kwabbai a hannu domin ta mayar wa mutumin da ba za ta sake gani ba, na kuma ga fasinja ya jefo kwanon fura ta taga bayan jirgi ya tashi don kada ya tafi da kayan mutane. Akwai macuta, a sama da ƙasa, amma da cuta ta fi yawa da cinikin bai ɗore shekara da shekaru ba. Matan aure da ke cikin kulle a garuruwan bakin dogo sun yi sana'a ta hannun waɗannan yara, kuma kuɗin kayan ɗakin 'yan mata da yawa daga tagar jirgi ya fito.

Adabinmu ya adana wahalar gina dogo fiye da yadda ya adana wannan. Waƙar Diga ta Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi sananniya ce a wurin manazarta, kuma kalmar diga kanta ta zauna a harshe a matsayin shaidar aikin tilas da aka sa talakawa ta hannun sarakuna. Dogo ya bar mana wasu kalmomin aro da muka mayar namu har muka manta asalinsu, irin su tasha da tikiti da reluwe da fasinja. Wasu kuma suna mutuwa tare da abin da suke nufi. Na gwada ambatar faskila da sikinkila a gaban ɗalibai, suka dube ni kamar na yi wani yare. Idan kalmomin da suka shiga ƙamus sun fara ɓacewa haka, ina ga waɗanda ba su taɓa shiga ba, kamar kirarin masu talla a tasha, da sunayen da ma'aikata suka laƙaba wa jirage da injuna, da Hausar da kuku Bayarabe ko ɗan Kudancin Kaduna ke yi da fasinja?

Yadda abin ya lalace ba ɓoyayye ba ne. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, lokacin Abubakar Tafawa Ɓalewa na ministan sufuri, aka kuma kai dogo Maiduguri a 1964. Daga nan sai kwalta ta yawaita, manyan motoci suka ƙwace kaya, bas-bas suka ƙwace mutane, dalar gyaɗa ta rushe. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979 suka riƙe harkar na 'yan shekaru, ta ɗan farfaɗo, suna tafiya ta sake kwantawa. Masaƙun Kakuri su ma suka bi sahu, ta farkon ta rufe a 2002. An dawo da jirgin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, mutane suka yi murna, amma bai koma yadda yake a da ba. Sabon jirgin Abuja da aka buɗe a 2016 kuwa a Rigasa yake tsayawa, kuma faɗin dogonsa milimita 1,435 ne, na tsohon layi 1,067. Wannan bambanci na lissafi shi ne hukuncin da aka yanke wa tsofaffin taragu, domin ko an gyara su ba za su taɓa hawa sabon layi ba. Taragon da ba ya tafiya kuma ba a kula da shi, makomarsa biyu ce, ko tsatsa ta cinye shi a hankali, ko 'yan gwangwan su yanka shi a auna a sikeli.

Wasu ƙasashe sun riga mu fuskantar wannan. A Amurka kamfanin Pullman ya ƙera taragon cin abinci na farko a 1868, abin ya shiga ran mutane har aka riƙa ƙera ƙananan gidajen abinci masu siffar tarago a masana'anta ana kai su bakin titi a ajiye. Ɗaya daga cikinsu, Mickey's da ke birnin St. Paul a jihar Minnesota, an buɗe shi a 1939, aka sa shi a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1983, dogayen benaye suka tashi kewaye da shi yana nan. Abin lura shi ne, shi wannan bai taɓa ɗaukar fasinja ba, kwaikwayo ne, duk da haka suka ga ya cancanci kariya. Mu namu na gaske ne, sun yi shekaru suna zirga-zirga tsakanin teku da bakin hamada. A Indiya kuma, wadda dogonta ya fito daga hannun Turawan da suka gina namu, hukumar jirage ta fara mayar da tsofaffin taragu gidajen abinci a harabar tasha, na farko a Asansol a 2020, daga baya wasu tashoshi suka kwaikwaya. Misalin Indiya ya fi kusa da mu, ko da yake yawancin nasu an yi musu ado har tsohon taragon ya ɓace a cikin fenti da fitilu, abin da ba na fata a yi a nan.

A gida ma muna da abin koyi. A Ebute Metta da ke Legas ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara wani tsohon gidan ma'aikatan reluwe, Jaekel House, ya zama ɗan ƙaramin gidan tarihin dogo, kuma 'yan sa-kai ne suka ja gaba. A Kaduna kuwa akwai gadar Lugard, wadda aka ƙera a Zungeru a 1904, aka ciro ta aka sake kafawa a lambun Gamji, aka ayyana ta abin tarihi na ƙasa a 1956. Wannan ya nuna garin ya taɓa ɗaukar ƙarfe daga inda ya gama aiki ya ba shi sabon mazauni. Sai dai gadar tana koya mana wani darasi kuma. Mutane nawa ne a Kaduna suka san tana nan, balle su san abin da take nufi? Abin da aka adana aka kafa masa allo aka tafi, yakan zama kamar kabarin baƙo, ana wucewa ba a tsayawa. Shi ya sa na nace a kan wuta a kicin. Taragon da ake dafa abinci a cikinsa dole a share shi kullum, dole a toshe rufinsa in ya yi yoyo, dole wani ya kwana yana gadinsa, kuma kuɗin yin haka daga cinikin zai fito.

Aikin ba mai sauƙi ba ne. Taragon mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ne, filin tasha ma nata ne, ikon ayyana abin tarihi yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da gidan tarihi a titin Ali Akilu, sha'anin tsafta da lasisin abinci kuwa na jiha ne da ƙaramar hukuma. Kafin a kunna murhu sai waɗannan sun zauna a tabarma ɗaya, kuma sai an rubuta yarjejeniyar haya da za ta hana mai haya ya fasa bango ko ya cire kujerun asali. Sannan ga yanayi. Tarago an yi shi ne ya sha iska yana tafiya, idan ya tsaya cak a ranar Maris ta Kaduna tanda ne, in damina ta sauka kuma ruwa zai nemi kowace kafa. Tilas a yi masa rumfa mai tsawo da za ta rufe shi duka, a ɗora shi a kan guntun dogonsa na asali bisa tsakuwa yadda ruwa ba zai kwanta a ƙarƙashinsa ba. A bar tagogin su riƙa buɗuwa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi muhimmanci a wurina, domin a ƙarƙashin rumfar, a gefen tagogin, nake son a ba masu fura da masu kifi da masu ƙosai wuri, wanda ke zaune a ciki ya iya miƙa hannu ya saya. In aka rufe tagogi aka sa na'urar sanyaya ɗaki, an adana rabin da Turawa suka sani ne, an zubar da rabin da iyayenmu suka sani. Giya kuwa a bar ta a tarihi, a rubuta a bango cewa an taɓa sayar da ita, tunda manufa ita ce kowa ya iya shigowa.

Na ce kowa da gangan. Wanda ya san Kaduna ya san abin da kogin ya zama tun bayan rikicin 2000 da na 2002. Iyalai sun sayar da gidajen da aka haife su a ciki, Musulmi da yawa suka koma arewa, Kirista da yawa suka koma kudu, har aka sami yaran da suka girma ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Tsohuwar tasha tana kusa da gada, da kasuwa a gefenta inda har yanzu mutanen ɓangarorin biyu ke haɗuwa wajen sayen doya da kayan marmari. Ba na cewa kofin shayi zai warkar da abin da jini ya ɓata. Amma wuraren da mutumin Tudun Wada da na Barnawa za su zauna a tebur ɗaya ba tare da ɗayansu ya ji shi baƙo ne ba sun yi ƙaranci, kuma dogo yana cikin abubuwa ƙalilan da kowannensu zai iya cewa kakansa ya yi wa aiki ko ya hau.

Namu aikin, mu manazarta, ba ya jiran a gyara tarago. Takardun gwamnati suna nan a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa, za su jira mu ko shekara nawa ne in an kare su daga gara. Mutanen ne ba za su jira ba. Wanda ya shiga aikin kuku a jirgi yana ɗan shekara 20 a 1965, yau ya haura 75. Na zauna da wani irinsu a wata unguwa kusa da tasha, na gaishe shi na ce, Baba, yaya ake dafa miya jirgi na gudu? Ya yi dariya ya ce da ni, Malam, ai tukunya ba a cika ta, kuma mai dafuwa ya san kowace kwana ta hanya kamar direba, kafin a kai ta ya riga ya dafe murfi. Ya lissafa mini tashoshin da suke sayen nama da waɗanda suke ɗiban ruwa, da yadda suke gane fasinjan da ke jin yunwa amma kunya ta hana shi shigowa, su aika yaro ya kai masa har kujerarsa. Babu fayil ɗin da ya rubuta wannan.

Sassan Hausa na jami'o'in da ke Kaduna da Zariya da Kano suna fitar da kundayen digiri masu yawa kowace shekara, kuma da dama daga cikinsu maimaicin batutuwan da aka riga aka tatse ne. Da za a ware ɗalibai kaɗan, a ba kowannensu tasha ɗaya tsakanin Minna da Kano, ya nemo tsofaffin kuku da masu duba tikiti da matan da suka yi talla suna 'yan mata, ya naɗi muryoyinsu, ya rubuta kalmominsu yadda suka furta su, da cikin zango biyu na karatu an tara abin da zai cika bangon taragon da bayani, har da jerin abincin da za a dafa a cikinsa. Tsofaffin ma'aikatan ba su da wuyar samu, suna da ƙungiyarsu ta 'yan fansho, kuma sukan taru duk lokacin da aka kira tantancewa. Matan tallan ne sai an bi gida-gida, ta hannun ɗalibai mata, domin yawancinsu ba sa ɗaukar abin da suka yi a bakin dogo a matsayin labarin da wani zai zo nema.